Ruwan da ke Shiga Tankin Alhaji

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, shekarun da nake aiki a wani gidan mai a bakin Azare, hanyar Katagum. Aikina kullum da safe in shafa wani mai kamar man goge baki a gindin sandar awo, in zura ta cikin tankin da ke binne, in akwai ruwa a ƙasan fetur sai man da na shafa ya koma ja.

Ana tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwan sama babu, na zaro sanda na ga ja ya kai tsawon hannuna. Muka zuƙe ruwan tas, washegari ya dawo, muka sake zuƙewa ya sake dawowa, ga shi garau, da sanyi kamar na randa. Injiniya ya zo ya gwada tanki da bututu, ya ce ko ƙofar allura babu. Shi ke nan Alhaji mai gidan man ya tara ma'aikata ya nuna ni, ya ce, "Kai ne kake sayar min da mai kana cikawa da ruwa." Na rantse har na gaji, ya ce in riƙe rantsuwata.

Wani dattijo Bafulatani da ke hutawa a inuwarmu ya ce da ni, "Ɗana, nan fa rijiyarmu ce, da can a nan muke shayar da shanu, aka cike ta aka gina gidan mai a kai ba a tambayi kowa ba."

Ranar da zan bar aikin, don Alhaji ya kore ni, rana tsaka, na zura sandar, sai na ji an riƙe ta daga ƙasa, ana ja a hankali, irin yadda guga ke nauyi in ya cika. Innalillahi! Da ƙyar na fizgo ta, sai ga tsohuwar igiyar kaba a naɗe a jikinta, jiƙe sharkaf. Na kai wa Alhaji, ko kallonta bai yi ba.

Wanda ya gaje ni ma ja ya riƙa gani, shi ma aka kore shi, daga baya aka rufe wurin. Amma har yau ba wanda ya zo ya ce min yi haƙuri, a Azare sunana ɓarawon mai, kuma abin yana ci min rai. In na wuce ta wurin ba na duban simintin da ke kan tankin, don ko a bazara a jiƙe yake.

Don Allah, kafin ku kira mutum ɓarawo, ku tambayi abin da kuka binne a ƙarƙashin ƙafarsa.