Alkyabbar da Aka Yafa wa Yaya Baltasar

Baƙi da yawa da suka zo garinmu Tomar a shekarun nan sun koma gida da fuskar yayana a cikin jaka ba su sani ba. Tana jikin kofin shayi, tana jikin tawul, tana jikin kwalbar giya: dogon tsoho mai farin gemu, da kwalkwali a kai, da farar alkyabba mai jan gicciye a ƙirji. Ba wanda ya damu ya rubuta sunansa a ƙasan hoton. Sunansa Baltasar Godinho, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma har ya bar duniya bai taɓa hawa doki ba.

A wani lungu muka tashi, tsakanin kogin Nabão da gindin tudun da mayaƙan coci na zamanin da suka gina ganuwarsu a kai. Mu dai ganuwar nan ba ta taɓa zama abin kallo a wurinmu ba. Wuri ce da rana ke ɓuya a bayanta da yamma, wurin da yara ke hawa satar ɓaure. Yaya ya ba ni shekaru masu yawa, don haka da na yi wayo ya riga ya shiga masaƙar da ke bakin kogi. Daga can aka ɗebe shi soja, aka tura shi yaƙin Gini. Ya tafi yana mai surutu da tsokana, ya dawo ba ya son magana. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin da na sani shi ne, tun daga lokacin ko zomo ba ya iya yankawa. In za a ci zomo ranar Lahadi, ni ko matarsa Deolinda ne za mu yi, shi kuwa ya sulale zuwa lambunsa na bakin kogi ya yi ta ban ruwa har sai an gama.

Ya koma masaƙa ya yi ta aiki har ƙarar injuna ta cinye masa kunne ɗaya. Da aka rufe masaƙar, ya zauna da ɗan fanshonsa da lambunsa, kabeji da wake da tumatir, bai nemi komai a hannun kowa ba. Deolinda ce ta riƙe shi. Da ta rasu, sai ya daina aski, ya daina zuwa lambu, gemu ya sauko har ƙirji. Ɗansu yana Faransa, sai Kirsimeti yake kira. Ni ina dafa abinci a wani ɗan gidan cin abinci kusa da dandali, kullum in kai masa miya da burodi, in tarar da na jiya ba a taɓa ba.

A wannan hali Hélder ya same shi. Hélder ɗan abokin aikinsa ne a masaƙa, yaron da muka sani tun yana yawo da majina. Ya girma ya buɗe shago a titin da baƙi ke bi su hau tudu, yana sayar da takubban roba da garkuwoyi da ƙananan gumakan mayaƙa. Ya ga Yaya zaune a kan benci, ya dubi tsawon nan da gemun nan, ya ga abin da ni ban gani ba. Ya yi ta lallashinsa, wai ba wani aiki ba ne, tsayuwa ce kawai a ƙofar shago cikin kayan mayaƙan da, a gaisa da mutane, a sha iska.

Na hana. Na ce wa Yaya mutum mai jikoki ba ya sa kayan wasa ya tsaya a titi a yi ta kallonsa.

"Ermelinda," ya ce da ni, "a gida ma bango nake kallo. Gara a kalle ni."

Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa takobin zai zauna a cikin kube, ba zai zare shi ba. Hélder ya yi dariya ya ce ai ko albasa takobin ba zai yanka ba, amma ya yarda.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko abin ya karɓe shi. Ya fara cin abinci. Yara suna son sa, su zo su ja masa gemu su ga ko na gaske ne, shi kuma ya durƙusa ya sa musu kwalkwalinsa. Ya koyi gaisuwa da harsunan da ban san sunansu ba. Sai na daina hana shi, na ce wataƙila ni ce mai baƙin hali.

Amma Hélder ba ya ƙoshi. Alkyabba da kwalkwali da takobi kaɗai aka fara da su, sai aka ƙara sulke na ƙarfe, wai baƙi sun fi son na gaske. Sai safar hannu ta fata. Sai aka ɗauke shi daga inuwar ƙofar shago aka kai shi tsakiyar dandali, inda motocin baƙi ke juye mutane, da sunan shagon a rubuce a jikin garkuwa. Hotonsa kuwa sai ganinsa muka yi a kan kofuna, ba wanda ya tambaye shi. Da na yi magana, Hélder ya ce ai ɗaukaka ce, Baba ya zama fuskar gari.

Wata rana wasu samari da suka sha suka ƙoshi suka durƙusar da abokinsu, suka ce Yaya ya zare takobi ya ɗora masa a wuya a ɗauki hoto. Ya ƙi. Suka yi ta ihu suna tafi, ya juya musu baya. Hélder ya fito daga shago ya yi masa faɗa a gaban jama'a, kamar yana yi wa yaron shagonsa, wai zai kashe masa kasuwa da taurin kai. Da yamma na sami Yaya a kicin ya kasa riƙe cokali. Na roƙe shi ya bar aikin. Ya ce akwai 'yan makaranta da za su zo daga garin Leiria, an riga an ce musu za su gan shi.

Abin ya faru ne a watan Agusta, da tsakar rana, lokacin da duwatsun dandali ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ina gasa kifi sai na ji tafi. Na leƙa ta taga na ga mutane sun yi da'ira, kowa ya ɗaga waya. Da na fito na kutsa, sai ga Yaya a durƙushe a kan gwiwa ɗaya, ya dafa kan takobi da hannu biyu, kansa a sunkuye. Su a ganinsu addu'ar mayaƙa yake nuna musu. Wata mata ma ta tura ɗanta ya tsaya kusa da shi. Ni da na san fuskarsa na ga bakinsa ya karkace, yawu na zuba cikin gemu, yana ƙoƙarin ɗaga ido ya kasa.

Ban san lokacin da na doke wayar wani mutum ta faɗi ƙasa ba. Na cire masa kwalkwalin, ƙarfen ya ƙona mini yatsu. Mai sayar da jarida ne ya kira motar asibiti. Hélder ya iso a guje, na ɗauka ruwa ya kawo. Garkuwar ya fara ɗaukewa, ya kifa ta a bayan benci don kada sunan shagonsa ya fito a hoto. Da idona na gani, kuma ko a gaban alƙali zan faɗa.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, da an kawo shi da wuri da abin ya zo da sauƙi. Sai da suka yanke igiyoyin sulken kafin su iya kaiwa ga ƙirjinsa. Ya rayu, amma hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana kuma sai da ƙyar. Na dawo da shi gidana, na ba shi ɗakin ƙasa.

Hoton durƙusonsa ya yi ta yawo a wayoyin mutane, baƙi suka riƙa zuwa shagon suna tambayar tsohon da ke addu'a. Bai fi wata guda ba sai ga Hélder a ƙofata da kwalin alawar ƙwai. Ya zauna a bakin gado yana Baba kaza, Baba kaza. Da zai tafi ya ja ni gefe ya tambaya ko asibiti sun ba ni alkyabbar da sulken, wai daga Sifen ya yo odarsu.

"Kai yaro," na ce masa, "ubanka da wannan mutumin kwano ɗaya suka ci a masaƙa. Da yana raye da ya tofa maka yawu a fuska. Ɗauki alawarka ka fice mini."

"Haba Inna, ni na ɗora masa ciwo? Da ƙafarsa ya zo fa."

Na watsa masa kayan a titi, sulke da alkyabba da komai. Ya tsuguna ya tattara, har yana kakkaɓe ƙura. Kafin kaka ya sa an yi masa mutum-mutumi dogo mai farin gemu na roba, ya sa masa kayan, ya tsayar a ƙofar shago. Wannan ba ya jin zafin rana, ba ya musu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya bai yi fushi ba. Ina zagin Hélder ina goge masa jiki, shi kuwa sai ya kama hannuna da na hagunsa ya girgiza kai. In na tura shi a keke zuwa bakin kogi, idonsa na kan yaran baƙi, yana ɗaga musu hannu, su kuwa ba su san ko wane ne ba. Wata rana ya yi ta fama da harshe har na gane abin da yake tambaya: wai ko 'yan makarantar Leiria sun zo. Na ce sun zo, sun gaishe shi. Ban sani ba ko sun zo.

Ya rasu a sanyi na biyu bayan faɗuwarsa, da safe, ina haɗa masa madara. Tsofaffin masaƙa ne suka ɗauki akwatinsa, wasu da sanda a ɗaya hannun. Ɗansa ya zo daga Faransa ya kwana ɗaya. Hélder bai zo ba, ya aiko da furanni masu yawa, da ƙyalle mai sunan shagon da haruffan zinariya. Na yage ƙyallen, na ba mai haƙa kabari furannin na ce ya kai wa duk kabarin da ba a ziyarta.

Har yau ina kicin ɗin nan ina gasa wa baƙi kifi, ba su yi mini laifin da zan ƙi ciyar da su ba. Hélder kuwa in mun haɗu a hanya na kan tsallaka ɗaya gefen. Da bikin Ista fada, limamin cocinmu, ya tare ni a ƙofar coci ya ce shekaruna sun kai in yafe. Na ce masa na ji, Fada, amma ya bari tukuna wanda ya yi laifin ya zo ya nema. Bai zo ba.