Ya Zaɓi Injin da Ya Zaunar da Shi

Har yau Malam Sharhabil bai daina sammako ba. Da ya dawo daga masallaci zai sha kokonsa, matarsa Harira ta taya shi zura hannun dama cikin riga, don hannun ya daina ɗaguwa da kansa. Sannan ya fito daga lungunsu na Hayin Banki, ya tari mota a Kawo zuwa garejin manyan motoci da ke bakin titin Zariya, dab da Rigachikun. Yana isa zai gaisa da kowa, ya zauna a bencinsa. Shi ke nan fa. Zaman ne aikinsa yanzu, kuma abin da zai ba ka haushi, shi ya zaɓar wa kansa zaman, idonsa biyu.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka wani tsoho ne da ya rasa wajen hira. To, a tambayi direbobin tirela. Shekara talatin da ɗoriya, in notin taya ya ci tsatsa ya kafe, masu faci suka gaji, makanikai suka yi zufa suka haƙura, magana ɗaya ake yi: a kira Sharhabil. Ba shi da shago, ba ya taɓa inji, ba ya faci. Sana'arsa guda ce tak, kwance notin da ya gagari kowa. Kayan aikinsa kuwa wata sifana ce mai kauri, da galan ɗin man birki, da guduma, da wani fayif na ƙarfe da ya fi shi tsawo. Zai ɗiga wa notin mai ya bar shi ya jiƙa, ya ƙwanƙwasa yana kasa kunne, ya zura fayif a jikin sifana, ya yi bisimilla, ya hau ƙarshensa da ƙafa biyu yana lilo har sai an ji ƙas! Wanda ya ƙi jin ƙafa, sai ya durƙusa ya sa kafaɗa a ƙarƙashin fayif ɗin ya ɗaga.

Nazifi, wani direban tanka, ba ya gajiya da ba da labarin ranar da tayarsa ta fashe ana tafka ruwan sama, ga mota cike da fetur, ga gidajen mutane a gefe. Da wata mota ce, da an gasa notin da wuta an huta. Tanka kuwa, wa zai kusance ta da wuta? "Wallahi na riga na fitar da rai," in ji Nazifi. "Sai ga Baba a bayan acaɓa, fayif a kafaɗa. Santsi ya yi ta kwashe shi yana faɗawa cikin taɓo, yana tashi yana sake hawa. Da ya gama na kama hannunsa ina godiya, ya ce, 'Malam, ja motarka ka bar gaban gidajen mutane, ka yi godiyar a Zariya.'"

Noti ɗaya ne ya taɓa fin ƙarfinsa, na wata tsohuwar tifar yashi da ta daɗe tana shiga rafi. Ya sa kafaɗa ya ɗaga, sai aka ji ƙas, amma ba daga notin ba. Kafaɗar ce ta goce. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ba ta koma daidai ba. Mai tifa ya sauya ƙafar motar gaba ɗaya ya watsar da tsohuwar a bayan gareji, Sharhabil kuwa ya ci gaba da aiki da ƙafafu da hannun hagu. Tun daga ranar, in aka tayar da sallah, hannunsa na hagu ne kawai ke kai wa kunne wajen kabbara. Na dama a ƙirji yake tsayawa.

Bara ne ƙungiyar garejin ta yanke shawarar sayen injin kwance noti mai batir, irin manyan nan da ba sa buƙatar waya ko iska, waɗanda makanikai ke kira bindiga. Dillalai suka kawo iri uku. Kowanne an rubuta masa lambar ƙarfi a jikin kwali, kowace lamba tana neman ta fi 'yar'uwarta ƙarya. Aka yi ta musu har shugaban ƙungiya, Alhaji Ila, ya gaji. Sai Abdurrahim mai faci ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da wanda ya san noti fiye da kowa. A bar Baba Sharhabil ya gwada ya zaɓa." Kowa ya ce haka ne. Ko mutum ɗaya bai tsaya ya yi tunanin abin da suke nema daga bawan Allahn nan ba.

Harira ce ta fara ganowa. Yana gaya mata ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Malam, in ka zaɓar musu mai ƙarfin, wa zai sake kiranka?"

"Babu."

"To? Su ba su san bambanci ba, kai ka sani. Ka nuna musu wanda zai yi musu ƙananan ayyuka, manyan su rage maka. Ba sata ka yi ba. Da me za mu ci?"

Ya san ba ƙarya ta faɗa ba. Amma ya ce, "Harira, ni na kusa gamawa. In na zaɓar musu rago, randa na kwanta wani ne zai sa kafaɗa a ƙarƙashin fayif ɗin nan. Ina so mutanen nan su kai shekaruna suna iya ɗaga hannu su yi kabbara."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Ranar gwaji gareji ya cika. Alhaji Ila ya sa aka kawo wata tirela da ba a daɗe da sauya mata tayoyi ba, notinta sai sheƙin mai suke yi. Aka ɗora inji na farko, fir, noti ya fito. Na biyu, fir. Na uku ma haka. Alhaji ya washe baki, don dama zuciyarsa tana kan na farkon, wani ɗan siriri mara nauyi mai fitila a baki, wanda tuni aka laƙaba masa suna Ɗan Kwalisa. Ya ce, "Baba, ai ka gani, duk ɗaya ne. Mu ɗauki mai sauƙin?" Kai kawai Sharhabil zai gyaɗa, ba wanda zai taɓa zarginsa, kuma duk wani noti mai taurin kai ya ci gaba da zama nasa.

Sai ya ce, "Alhaji, wannan ai ba gwaji ba ne, shafa ce. A garo min ƙafar tifar can."

Ƙarti huɗu suka garo ta daga cikin ciyawa, ja wur da tsatsa. Shi ba ya iya riƙe injin, don haka Abdurrahim ne ya riƙe, shi kuma ya ɗora tafin hannunsa na hagu a bayansa yana jin bugunsa. Ɗan Kwalisa ya yi ta kakabi, fitilarsa na haskawa, notin ko gezau, kafin a ce me batir ya yi ƙasa. Na biyu shi ne mai babbar lamba a kwali. Ƙararsa har masallaci, ya fizgi wuyan hannun Abdurrahim, ya fara cin gefen notin, ya yi zafi har ana jin ƙauri. Sharhabil ya janye hannu ya ce, "Tsaya. Wannan hayaniya ya iya. Zai lalata muku noti, ya lalata muku hannu." Na ukun mummuna ne, ga nauyi kamar ƙaramin turmi, dillalinsa ma bai cika baki ba. Bugunsa a ƙasa-ƙasa yake, ba gaggawa, ba fizga. Ya yi ta dakan notin, tsatsa na zuba, jama'a sun zuba ido. Sai ƙas!

Gareji ya kaure da sowa. Sharhabil ya sunkuya ya ɗauki notin da ya cinye masa kafaɗa, da zafinsa, ya jujjuya shi ya jefa a aljihu. Ya ce, "Wannan za ku saya, da batir biyu. In za ku ɗaure kuma, kada ku bar shi ya kai ƙarshe, ku ƙarasa da hannu."

Abdurrahim ya matso ya rage murya. "Baba, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na sani, ɗana. Tafi ka sa wa hannunka ruwa."

To, sai me ya biyo baya? Kai jama'a! An sayi injin, an raba lemo, an jeru an ɗauki hoto da shi kamar ango, ba wanda ya ce wa tsohon ya matso ya shiga. An ce za a duba lamarinsa, har yau ana dubawa. Direbobin da a da suke bin sa har gida suna Baba, Baba, yanzu daga cikin mota suke ɗaga masa hannu, in ma sun ɗaga. Harira ta kafa kaskon awara a ƙofar gida da tsufanta. Abin da ya fi ciwo ma, da iskar damina ta karya ƙafar rumfar da ake cajin batir a ƙarƙashinta, Alhaji Ila ya dubi fayif ɗin ya ce, "Baba, tunda ba ka amfani da shi." Haba Alhaji! Shi kuwa ya miƙa, ya ma tsaya ya nuna musu inda za su haƙa don ya tsaya da kyau. Yau fayif ɗin Sharhabil ne ke riƙe wa injin inuwa.

Kai ne, Malam Sharhabil, na Harira, maganin tsatsa. Kai ne aka ba wa alƙalanci a shari'ar da kai kaɗai za ka yi asara, ka yanke gaskiya. Kai ne ka ga hanyar da za ka ci abinci da rashin sanin mutane, ka kau da kai. Mun gode, ko da yake godiyarmu ta zo a makare, kuma mun san ba a cefane da ita. Allah ya saka maka da abin da muka kasa, ya ba Harira ladan haƙurinta.

Ku kuma da ake kira ku zaɓa wa jama'a abu, inji ne ko magani ko shugaba, ku yi koyi da shi, ku sa a garo muku ƙafar tifa. Masu garejin nan kuwa, ku ji kunya, ku nema masa abin yi tun yana iya fitowa. Wanda ke shakkar abin da mutumin nan ya bar muku, ya biya ta garejin da azahar ya tsaya a bayan sahu. Liman zai ce Allahu akbar, hannayen makanikai su tashi gaba ɗaya har kunne, lafiya lau. A can ƙarshen sahu akwai hannu ɗaya da ya tsaya a ƙirji.