Garin kunun da na saya wa Ramatu

Salamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tambayar ko lafiya, ba lafiya ba ce, 'yata Ramatu nake jinya.

Da na zo yaye ta, surukata Inna ta aiko da gero da gyaɗa daga Sassumbrum. Ni kuwa malamar lakwal, wato makarantar boko, na ga na fi ƙarfin kunun ƙauye. Na shiga kasuwar Magariya na sayo garin kunun yara na leda, mai hoton jariri ɓul-ɓul. Ko sunan masu yin sa babu a jiki, amma ban duba ba.

Sannu a hankali Ramatu ta fara amai, bayan gida ya ɗaure, idonta ya yi fari. Kowa ya ce haƙori ne. Da na ga tana ramewa sai na ƙara mata garin, sau huɗu a wuni. Wannan ne ke cin raina har yau.

Ta daina tafiya, ta daina kiran “Mama”. Wata Talata da hantsi ta sanƙare a bayana, tana jijjiga.

Muka ruga asibiti. An gwada zazzaɓin sauro, babu. Aka yi mata ƙarin jini, aka tura mu Damagaram. Likitan can ya tambaye ni ko ina sa mata tozali, ko ana fasa batir kusa da gidanmu. Na ce a'a. Ya ce, “To, kawo mini duk abin da take ci.”

Aka aika jininta da garin kunun zuwa Yamai, babban birni. Kwana goma sha biyu muna jira, babanta ya sayar da tumaki biyu. Sakamako ya zo: gubar dalma a jininta, gubar dalma a garin.

Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Ta sha maganin fitar da gubar, yanzu tana tafiya, alhamdulillahi. Magana ce ba ta dawo ba. Likita ya ce mu yi haƙuri, bai yi mini alkawari ba. Ina tsoro.

Na gode wa likitoci da duk wanda ya yi mana addu'a. Iyaye mata, garin da ba a san mai yin sa ba, ku bar shi a kasuwa. In yaro ya daɗe yana ramewa, kada ku tsaya ga haƙori, ku je asibiti da abin da yake ci a hannu.

Inna ta zo jinya da geronta. Na ce, “Inna, ki yafe mini.” Ta ce, “Miƙo mini ludayi, kunun zai huce.”