Emzar da Abokin Igiyarsa

Duk wanda ya taɓa sauka a ƙauyen Mazeri da niyyar hawan dutsen Ushba ya san Emzar mai dawaki, dogon dattijon nan mai ɗingishi da ke ɗora wa baƙi kayansu, ya kai su har bakin ƙanƙara, ya sauke, ya juyo da dabbobinsa gida. Baƙi sukan ɗauka sana'arsa ke nan tun asali. Mutanen gari kuwa sun san an yi lokacin da babu ja-gora kamarsa a duk kwarin Becho.

Mahaifinsa maharbin awakin dutse ne, a bayansa ya koyi taka inda mutane ba sa takawa. Tun yana saurayi ya haɗa igiya da Ramaz, ɗan maƙwabtansu, suka yi aiki tare a sansanin masu hawan dutse na gwamnati. Emzar ba shi da yawan magana, Ramaz kuwa bakinsa ba ya hutawa ko yana reto a jikin dutse.

"Kai jakin Becho!" sai ka ji shi daga ƙasa. "Ja mu mana, ko barci kake a tsaye?"

"Da ƙafarka ta kai bakinka sauri, da tuni muna gida muna cin kubdari, burodinmu mai nama," in ji Emzar.

Haka suke. Da Eteri matar Emzar ta haifi 'yarsu Tamuna, ba a yi wata shawara ba, Ramaz ne ya riƙe ta a coci ranar baftisma ya zama ubanta na biyu.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet sansanin ya rufe, albashi ya tsaya, aka yi shekaru ana cin dankali da cuku ana jiran abin da ba a sani ba. Sannu a hankali baƙi suka soma leƙowa daga ƙasashen waje. Ramaz ya tsinci Turanci a bakinsu, shi ke ciniki, shi ke ba su dariya, Emzar kuma yana gaba yana buɗe hanya.

A wani rani sai ga wani Bajamushe mai suna Anselm, likitan haƙori, mutum mai ladabi da ƙarfin jiki. Ya sha zuwa Ushba tana koro shi. Wannan karon ya ce ta fuskar dutse mai wuya yake so ya bi, ya kuma yi wa Ramaz alkawarin idan ya taka ƙololuwa, duk 'yan ƙungiyarsu na masu hawan dutse ta hannunsa za su riƙa zuwa.

Tafiya ta yi kyau da farko. Sun ratsa ƙanƙara, sun kama dutsen, Emzar yana kafa ƙusoshi yana sakin igiya, baƙon a tsakiya, Ramaz a baya yana cirewa. Saura kaɗan su kai sama, da hantsi, rana ta narkar da ƙanƙarar da ke riƙe da wani dutse, ya ɓalle. Emzar ya ji ƙugin tahowarsa, ya kauce gefe, amma ƙafarsa ta hagu ba ta tsira ba. Ƙashin ƙwauri ya karye.

Suka ja shi zuwa wani ɗan faffaɗan wuri a ƙarƙashin rumfar dutse, suka ɗaure ƙafar da gatarin ƙanƙara, suka ɗaure shi kansa a jikin ƙusa don kada ya zame.

"Ku biyu ba za ku iya sauko da ni ba," Emzar ya ce yana cije leɓe. "Ka sauka da baƙon ta inda muka hau. Kafin rana ta faɗi kuna ƙasa, gobe ka taho da mutane."

"Ɗan'uwa, ka ɗauka na dawo," in ji Ramaz. Ya cire rigar sanyinsa ta ciki ya lulluɓa masa, ya ajiye masa burodi da gorar shayi. Sannan ya juya ya yi wa baƙon magana da Turanci, magana mai ɗan tsawo. Anselm ya durƙusa ya kama hannun Emzar da hannu biyu, idonsa ya ciko. Emzar ya ɗauka tausayi ne. Suka zagaya bayan dutsen, ya daina ganinsu.

Washegari ba wanda ya zo. Sama garau take, ko ɗigon gajimare babu. Ya zura ido ga ƙanƙarar da ke ƙasa tun safe har inuwa ta rufe ta, bai ga motsin kowa ba. Abin da ya fi damunsa a lokacin Ramaz ne. Ya tabbata wani abu ya same su a hanya, ya yi ta kiran sunansa har muryarsa ta dishe, ya roƙi Allah ya ɗauke shi ya bar mai 'ya'ya ƙanana. Ƙafar da ta hana shi sakat da zafi ta daina ciwo, ya kuma san abin da hakan ke nufi.

Sai kashegarin wannan ranar mazan ƙauye suka iso, Ramaz na gabansu. Ya ce hazo ne ya tsare su a wani lungu. Emzar ya rungume shi yana kuka don murnar ganinsa da rai.

A asibitin birnin Kutaisi aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce karayar mai gyaruwa ce, sanyi ne ya kashe naman, da an zo da wuri da an cece ta.

Tamuna, wadda a lokacin take karatun jinya a garin, ita ke zama da shi. Wata rana da la'asar sai ga Anselm ya shigo shi kaɗai da furanni, ya zo sallama kafin ya koma ƙasarsu. Ya zauna ya soma magana, Tamuna tana fassarawa. Can sai ta daina fassarawa.

"Me ya ce?" Emzar ya tambaya.

"Baba, bari in sake tambayarsa."

Ta sake, ya maimaita yana murmushi. Fuskarta ta canja.

"Wai yana gode maka. Wai bai taɓa ganin mutum irinka ba, kana kwance da karaya amma ka ce kada su koma saboda kai, su ƙarasa su taka ƙololuwa. Baba, sun hau. Ta ɗaya gefen suka sauka, shi ya sa suka daɗe."

Emzar ya dubi baƙon. Babu mugunta a fuskarsa, abin da aka gaya masa ya gaskata. Ya miƙa masa hannu suka gaisa, sannan ya juya fuskarsa bango. Har aka sallame shi bai ƙara yi wa kowa doguwar magana ba.

Da ya koma gida Ramaz ya zo da kwalbar giyar chacha da zuma, yana fara'a tun daga ƙofa.

"Ina jakin nan? An ce sun rage maka kofato ɗaya."

"Rufe ƙofa," in ji Emzar. "Yaya ƙololuwa? Akwai iska?"

Ramaz ya ajiye kwalbar a hankali. Ya zauna a bakin murhu.

"Na ɗauka zan iya haɗa duka biyun," ya ce. "Ƙafar ta riga ta karye, ɗan'uwa. Na ce rabin yini ne kawai, kai kuma ƙarfe ne, za ka jure. Ka san halin da muke ciki. Don mu duka na yi, da gidana da gidanka."

"Ina can ina roƙon Allah ya ɗauke ni ya bar ka."

"Ka yafe mini. Duk baƙon da ya zo, rabonka na nan."

"Ɗauki kayanka."

Eteri, wadda ta ji komai daga ɗakin girki, ba ta iya haɗiye shi ba. Kafin Lahadi duk Mazeri ta ji. Dattawa suka ga abin zai raba dangi biyu, suka kira su cocin kan tudu, aka fito da hoton Waliyyi Giorgi na azurfa wanda ake rantsuwa a kansa. Emzar ya hau tudun da sanduna biyu. A ransa ba diyya yake nema ba. Yana so ne Ramaz ya faɗa a gaban mutane abin da ya faɗa a bakin murhu, shi ke nan.

Ramaz ya cire hula ya ɗora hannu a kan azurfar.

"Na rantse Emzar da bakinsa ya ce mini mu hau. Zafin ciwo ne ya mantar da shi. Maganar hazo kuma na yi ta ne don kada a ga baikensa."

Su biyu kaɗai suka ji abin da aka faɗa a kan dutsen, ɗaya kuma ya rantse. Dattawa suka ce magana ta ƙare. Emzar ya ce wannan cin amanar ta fi ta farko ciwo, domin ta farko a cikin ruɗu aka yi ta, wannan kuwa an kwana an tashi da ita.

Jamusawa suka zo kamar yadda aka yi alkawari. Ramaz ya gina masaukin baƙi mai bene, ya ɗauki samari aiki. Wasu a gari suka riƙa cewa hassada ce ke cin Emzar. Shi kuwa ya sayar da igiyoyinsa da ƙusoshinsa ya sayi doki, daga baya ya ƙara biyu, aka yi masa ƙafar roba a Tbilisi. Yana ɗaukar kayan kowa ban da na baƙin Ramaz. Tamuna kuwa ko a hanya suka haɗu da uban baftismar nata sai ta tsallaka.

Wata kaka, ana haƙar dankali, Inna Maro mahaifiyar Ramaz ta tako har gonarsa tana dogara sanda. Ta tsaya a bakin shinge.

"Ɗana, ni na haife shi. Na ga fuskarsa a coci. Ƙarya ya yi."

"Inna, me zai hana ki faɗa wa dattawa?"

"Ba zan iya ba. Na zo ne ka sani akwai wanda ya sani. Kuma ina roƙonka, kada ka yi masa baki."

Emzar ya yi mata alkawari, ya cika mata kwando da dankali, ya raka ta har ƙofar gida.

Ba ta ga wani rani ba. Ranar jana'izarta mutane suka yi mamakin ganinsa ya ratso taro ya sa kafaɗa a ƙarƙashin akwatin gawar. Ramaz na ɗaya kusurwar. Hanyar maƙabarta hawa ce mai santsi, ƙafar roba tana zamewa, amma bai yarda wani ya karɓe shi ba. Da aka rufe kabari Ramaz ya matso, idonsa jawur.

"Ɗan'uwa, ka zo gida ka ci abinci. Don ita."

"Don ita na zo, kuma na gama," in ji Emzar.

Ya sa hularsa ya gangara. Yana da baƙi 'yan Poland da ke jiran dawaki tun safe.