Sunan da Inna ta raɗa wa muzuru

Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan mahaifina a bakin Inna ba. "Malam" take cewa, ko "babanku", in ranta ya ɓaci kuma ta ce "mutumin nan". Ko wani ne can daban yake da sunan, sai ta kauce ta ce "mai sunan Malam". In mun je asibiti a Adjamé aka tambaye ta sunan mijinta, sai ta sunkuyar da kai ta zungure ni da gwiwar hannu in faɗa, ma'aikaciyar tana kallonmu tana mamakin macen da ta manta wanda take aure. Ba mantuwa ba ce, kunya ce, wadda aka taso da ita can arewa aka ɗauro ta cikin kaya har bakin teku. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Mu 'ya'ya ba ma faɗin na uba sai dole. Jikan da aka yi wa Baba takwara kuwa, Abba ake ce masa. Haka sunan ya zauna a gidanmu, kowa ya san shi, ba mai taɓawa.

Baba ya rasu da damina bayan doguwar jinya, aka kai shi maƙabartar Williamsville, ba nisa da gidan hayar da muke. Gidan irin na taro ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya: ga Julawa, ga wata Tanti 'yar Baule mai sayar da aceke, wato dambun rogo, ga mu Hausawa ƙofa biyu. Ni lokacin aurena ya mutu, na dawo gida da keken ɗinkina, sai ya zama ni ce nake tare da Inna cikin takaba. Yayana, ɗanta na fari, shi ya gaji shagon Baba na kayan gyaran mota a bakin babbar tasha.

Cikin takabar wani muzuru ya fara saukowa daga saman kwano. Ramamme ne, ruwan toka, ba shi da wani kyau da za a yi labari. Inna da na sani ba ta shiri da kyanwa, da tsintsiya take raka su har ƙofa. Wannan karon sai ta jefa masa kan kifi. Washegari ya dawo, kamar yadda duk wanda aka ba kan kifi yake dawowa. Kafin ta fita takaba ya zama ɗan gida, yana kwanciya a kan takalmanta.

Wata safiya ina kan keke ina haɗa wuyan riga, sai na ji an kira sunan Baba a tsakar gida. Muryar Inna ce. Saura kaɗan allura ta shige mini yatsa. Na leƙo, na gan ta tsaye da ɗan kwano a hannu, ta ɗaga kai sama wajen kwanon rufi, ta sake kira. Sunan ya fito mata a karkace, kamar mai gwada sabon takalmi. A karo na uku ya zauna daidai, muzuru ya diro.

Ban yi magana ba sai da rana, muna tsince shinkafa.

"Inna, sunan wa na ji ɗazu?"

"Kunnenki lafiya lau yake."

"Mage fa kika kira."

"Na san abin da na kira," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Na kuma san inda mijina yake kwance, kada ma ki fara yi mini kallon wadda ta zare. Na yi masa girki, na haifa masa 'ya'ya, na yi jinyarsa. Har aka fita da shi daga ɗakin nan bai ji yadda sunansa yake a bakina ba. Ni ma ban ji ba. In na tsaya tsakar gida na kira shi haka kawai, cewa za a yi a nemo mini mai ruƙiyya. In na kira mage kuwa, mage na kira."

Na ji tausayinta, na kuma ji haushi, ban san na wa ba. Tun daga ranar na san gefen da nake.

Tanti mai aceke dariya kawai ta yi, don ita karenta ma sunan wani tsohon saurayinta ne da shi. Julawan gidan suka yi kamar ba su ji ba. Matsalar daga ƙofarmu ta biyu ta fito. Maƙwabciyarmu Bahaushiya, wadda ko attishawa ka yi sai ta kai rahoto, ta ɗauki zancen ta tsallaka da shi gada har Treichville, inda Baffa, ƙanin Baba, yake da kantin yadi a bayan babban masallaci. A wurin mutanenmu, in ka ji an ba dabba sunan mutum, to habaici ne, ana so a tozarta mai sunan. Kafin mako ya zagayo, labari ya zama wai Inna ta daɗe da ƙullin Baba a zuciya, jira take ya mutu ta rama.

Baffa ya kira mu, ni da Yaya, bayan sallar Juma'a. Muka tarar ya zaunar da malamin da ya koya mana karatun allo, ya tsufa sosai, yana shan shayi a tsakanin bandir-bandir na shadda.

"Ɗan'uwana bai shekara a ƙasa ba," in ji Baffa, "a ce a gidansa ana kiran sunansa ana zuba kan kifi. Ana korarsa daga bakin tukunya. Wannan wace irin sakayya ce?"

Malamin ya tambaya ko sunan yana cikin sunayen Allah ko na annabawa. Muka ce a'a. Ya juya kofi, sannan ya ce shi dai bai ga haramci ba, amma ba daɗin ji. Baffa ya kama rabin maganar na ƙarshe, ni na kama na farko.

"Baffa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa," na ce, alhali ba haƙurinsa nake nema ba. "Lokacin da Baba yake kwance, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunu a baki. Ba wanda ya tsallako gada ya ce mata sannu, kin girmama ɗan'uwana. Sai yau da ta buɗe baki ta faɗi sunansa aka san hanyar Williamsville."

"Ça suffit," in ji Yaya, wato ya isa haka. In ya rasa abin faɗa da Hausa, Faransanci yake gudu ya ɓuya. "Ke ba ki zama a kasuwa. Ni nake zaune a shagon Baba, ni abokansa suke wa kallo. C'est la honte, abin kunya ne."

Baffa ya ce ko a sauya wa magen suna, ko a raba ta da gidan. Na ce mage dai ba tasa ba ce, suna kuma ba a kantinsa aka saya ba. Na tashi ban yi sallama ba, har yau kuma ban ga abin da zan janye a ciki ba.

Da na gaya wa Inna, ko a jikinta. Ta ci gaba da kiran muzurun safe da yamma, har da ƙarin hira. Takan ce masa, "Ina ka shiga tun safe?" Takan yi masa faɗa in ya taka tabarmar salla. Na fara jin tana dariya, abin da na manta ƙararsa.

Ranar da Yaya ya zo, Inna ta tafi gaisuwar haihuwa, ni kuma na kai ɗinki. Muna dawowa Tanti ta tare mu a bakin famfo ta ce, "Yako, maman," kamar yadda ake yi wa wanda aka yi wa rashi. Ta ce babban ɗan Inna ya zo da buhun shinkafa, ya cusa muzurun ciki, ya ce tasha zai kai shi ya saki.

Na zaci kuka Inna za ta yi. Sai ta shiga ɗaki ta sauya mayafi, ta sa takalmin fita, ta ce mini, "Tare mana woro-woro," wato tasin haya.

Wanda bai san tashar Adjamé ba ba zai gane abin da ya faru ba. Manyan motocin arewa a jere, 'yan kamasho suna jan hannun fasinja, 'yan dako da kura suna ihu a ba su hanya, ga taɓo, ga hayaƙi. A nan Baba ya yi rayuwarsa, ba direba ko bakanike da bai san shi ba. Inna ta tsaya a tsakiyar wurin, matar da ko kasuwa ba ta cika zuwa ba, ta cika ƙirji ta kira sunan mijinta. Ta taka gaba, ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin wata mota, ta sake kira. Wani ɗan dako mai sunan ya waiwayo ya ce, "Na'am, Hajiya?" Ta ce ba da shi take ba. Tsofaffin abokan Baba suka fara fitowa daga shaguna suna kallo, wasu da hannu a baki. Kunya ta fara kama ni, sai na tuna buhun shinkafa, na buɗe baki ni ma na kira.

Yaya ya iso da gudu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Inna, don girman Allah. Pardon. Mutane na kallo, ki zo mu tafi gida."

"A ina ka sake shi?"

Ya nuna bayan wajen masu faci.

"To je ka kira shi."

Ya je ya tsuguna yana "mus, mus" yana murza yatsu. Inna ta ce ba ya amsa wannan, da sunansa ya saba. Yaya ya dube ta, ya dubi jama'a, ya kasa. Muka yi ta zagaye har la'asar ba mu ga ko jelarsa ba. Da za mu tafi, ta tsaya a ƙofar shagon ta ce masa, a gaban abokan ubansa, "A cikin gida nake kira, ba wanda na dama. Kai ka fito da shi tasha. Gobe ma ina nan tafe."

Ta kuwa dawo, ta sake dawowa. Kullum da hantsi, ni ina biye da ita. Baffa ya bugo waya ta ƙi karɓa. 'Yan kamasho suka saba da mu, har wasu suna taya mu leƙe, sunan Baba yana yawo daga wannan layin motoci zuwa wancan. Abin da aka so a rufe a tsakar gida, yanzu har fasinjan Bamako ya ji shi. Ƙafafunta suka kumbura, na ce ta huta, ta ce in na gaji in zauna.

Wata safiya muna shirin fita sai ga Yaya ya shigo da kwali a rungume, hannuwansa duk yakushi. Ya ajiye a gabanta ya buɗe. Muzuru ne ruwan toka, ya takure a kusurwa yana huci.

"Inna, ga shi."

"Ga wa?"

Tanti ta bar tukunyarta, maƙwabciyarmu mai kai rahoto ta ɗaga labule. Yaya ya faɗi sunan ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Inna.

Ya sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, muryarsa ta karye a tsakiya. Ya juya baya ya sa hannun riga a fuska, ƙato da shi, uban 'ya'ya.

Ni kuwa idona yana kan kwalin. Wannan ya fi wancan ƙiba, ga farin tabo a ƙirjinsa, ga kunnuwa manya. Na matsa kusa da ita na yi mata raɗa.

"Inna, wannan fa ba shi ba ne."

"Na sani," ta ce. Ta tsuguna, ta miƙa masa hannu a hankali, ta kira shi da sunan. Sannan ta ɗago ta dube ni. "Tsayuwar me kike yi? Kawo masa kifi."