Eckhard da Keken Ɗinkin Surukarsa

Duk wanda ya taɓa sayen wani abu a hannun Eckhard Brüggemann ya san maganar nan tasa, domin ko cokali zai sayar sai ya rubuta ta a ƙasan talla: "Cinikin mutum da mutum ne, ni ba kanti ba ne. In ka saya ka saya, ba a dawo mini da kaya."

Tsohon direban bas ne a wani ƙaramin gari kusa da Bremen. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana rufe ƙofar mota da zarar lokaci ya cika, ko da kuwa yana hango mutum ta madubi yana gudu da jaka a hannu, kuma har gobe bai ga laifinsa a nan ba. Da ya yi ritaya zaman gida ya nemi ya zautar da shi. 'Yarsa ce ta nuna masa shafin saye da sayarwa na intanet don ya rage tarkacen da ke ɗakin ƙasa, ba ta san sabuwar sana'a ta buɗe masa ba.

A faɗi gaskiya, ya iya. Ba ya ɓoye aibin kaya, in fitila tana da tsaga sai ya ɗauki hoton tsagar ta kowane gefe. Ba ya sayen kwali, tsofaffi yake tarawa, ya naɗe kaya da jarida har mai buɗewa ya gaji. Taurarin yabon da masu saye ke ba shi kuwa, da safe sai ya duba su kafin ya taɓa burodi. Matarsa Wiltrud takan ce, "Ecki, ranar da ka rasa abin sayarwa ni za ka ɗauka hoto." Shi kuma ya ce, "Ke ai sai dai mai saye ya zo da kansa, gidan waya ba sa karɓar kaya mai surutu."

A farkon zafin shekarar da abin ya faru aka yi wa Wiltrud aiki a gwiwa, aka tura ta gidan jinya na bakin teku ta yi 'yan makonni tana sake koyon tafiya. Tana shiga mota ta leƙo ta ce masa, "Kafin in dawo ka share mini bayan ƙofar ɗakin ƙasa, na gaji da ganin duk abin da ke wurin." To, Eckhard in aka ce masa duk, duk ɗin yake ji. A bayan ƙofar akwai karyayyun kujerun lambu, da tsohuwar rediyo, da wani akwati ruwan toka mai nauyin tsiya, keken ɗinki na lantarki a ciki. Ya san na marigayiya surukarsa ne. Amma ai Wiltrud tana da sabo a sama, kuma ita da bakinta ta yi magana. Ya jona shi a wuta, fitilarsa ta kama, ya taka, inji ya yi ƙugi. A wurin direba injin da ya tashi lafiyarsa ƙalau, don haka ya rubuta yana aiki, ya sa a shafi.

Wata yarinya mai suna Fenja Ostermeier ta saya daga can kudu. Ba a jima ba sai ga saƙonta: "Malam Brüggemann, keke ya iso amma ba ya ɗinki. In na taka sai gurnani kawai, allura ko motsi ba ta yi. Kai kuma ka rubuta yana aiki. Zan dawo maka da shi, ka mayar mini da kuɗina."

Eckhard ya gyara tabarau ya ba ta amsa: "Malama Ostermeier, ki sake karanta ƙasan tallar. Lafiya lau ya bar gidana. Abin da kika yi masa ke kika sani."

Yarinyar ba kanwar lasa ba ce, ta kai ƙara wurin masu sasanci na shafin. Shi kuwa sai ka ce an ba shi sabon aiki. Ya tura hotuna, ya rubuta bayani mai tsawo, har ya ƙara da cewa 'yan zamanin nan ba su san yadda ake riƙe kayan da ba. Yana jin daɗin rigimar ƙwarai, don ya tabbata shi ne da gaskiya.

Ranar Lahadi da la'asar Wiltrud ta kira shi. Ta ba shi labarin abincin da babu gishiri, da matar da ke ɗakin kusa da nata mai minsharin da ke ratsa bango. Har za ta ajiye waya sai ta ce, "Af, na manta ban gaya maka ba. Keken Mama yana bayan ƙofar nan, ni na ja shi can don ka hau mini da shi, gwiwata ta hana ni. Da shi zan ɗinka wa Merle rigar ranar shiga makaranta. Da shi Mama ta ɗinka tawa, da shi na ɗinka ta uwarta, ba zan sauya keke a kan jikata ba. Ka gan shi dai ko?"

"Na gan shi," in ji Eckhard.

Ya ajiye waya ya nemi kujera ya zauna. Ba faɗanta yake tsoro ba, faɗan Wiltrud ai abincinsa ne na kullum. In abu ya yi mata ciwo da gaske shiru take yi, shirun da ke cika gida. Ya tuna ranar da aka raba kayan mahaifiyarta, 'yan'uwanta suka kwashe kujeru da agogo da kwanukan tangaran, ita kuwa akwatin nan kaɗai ta ɗauka ta riƙe a cinya har gida. Shi ya sayar wa baƙuwa, kuma da hannunsa yake toshe hanyar da zai dawo.

Nan take ya yi amai ya lashe. Ya rubuta wa Fenja cewa ya sake tunani, ta dawo da keken, har kuɗin aikowa shi zai biya.

"Jiya ba a dawo maka da kaya, yau har da kuɗin aikowa?" in ji ta. "Malam Brüggemann, lafiya kuwa? Ni na ma sami mai gyara, na fara tunanin in riƙe abina."

Da ido ya raina fata sai ya gaya mata gaskiya, tun daga bayan ƙofa har rigar Merle. Ta bar shi yana jira ya wuni yana leƙa waya, sannan ta amsa a taƙaice: "Zan aiko. Ba don halinka ba, don matarka."

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ranar da shafin kamfanin kai saƙo ya nuna kwali ya isa, Eckhard yana wurin likitan haƙori. Ya dawo babu kwali a ƙofa, babu ɗan katin da akan jefa a akwatin wasiƙa. Sai ga Fenja: "An ce ya iso, ina kuɗina?" Ya ce shi bai ga komai ba. Ta ce, "To, ta nan ka ɓullo. Ka karɓi keke, ka riƙe kuɗi. Har labarin jika ka shirya mini, ni kuma na yarda." Maganar ta soke shi, don an sha ce masa mai taurin kai amma ba a taɓa ce masa ɓarawo ba. Mutumin da bai taɓa mayar wa kowa ko sisi ba, a zaman nan ya tura mata kuɗinta ba tare da ya ga kaya ba. Ya tashi ba keke ba kuɗi, dawowar Wiltrud kuma tana matsowa.

Ya kira kamfanin. Bayan an shayar da shi kiɗa a waya har ya ƙoshi, wata mata ta ce an ba maƙwabci. Wane maƙwabci? Ta ce sa hannun ba ya karantuwa.

A layinsu wannan ba abin mamaki ba ne. In ba ka nan mai kawo saƙo sai ya buga ƙofar kusa, ba wanda zai ƙi karɓa, kai kuma mai kaya ka je ka ɗauko abinka ka yi godiya. Eckhard ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, na tsallake da na gangare, kowa ya ce ba shi ba ne. Ƙofa ɗaya kawai ya tsallake, ta Hinnerk Tiedemann, wanda shinge kaɗai ya raba su. Ba sa ga maciji tun shekarar da Eckhard ya sare reshen bishiyar tuffar Tiedemann don tana zubo masa 'ya'ya a kan ciyawa. Ko lokacin da Gesa matar Tiedemann ta rasu, Wiltrud ce ta kai kek ta zauna, shi katin ta'aziyya kawai ya sa wa hannu. Tun farko zuciyarsa ta gaya masa inda kwalin yake. Amma girman kai rawanin tsiya, ya yi ta zagaye yana fatan zai tashi wata safiya ya tarar an ajiye masa a bakin ƙofa.

Ba a ajiye ba. Safiyar ranar da 'yarsa za ta ɗauko Wiltrud, ya sa riga mai guga, ya zaga ta bakin shinge ya danna ƙararrawa.

Tiedemann ya buɗe da silifas a ƙafa, ya ƙare masa kallo. "Malam Brüggemann. Ashe ka san hanyar ƙofar nan. Na ɗauka ta kan shinge kawai ka iya shigowa, da zarto."

"Barka da safiya, Malam Tiedemann. An ce wai wani kwali..."

"Wanda ya kusa karya mini ɗan yatsan ƙafa? Ga shi nan bayana."

Ga shi kuwa, a ƙarƙashin maratayar riguna, kwalin da shi Eckhard ya naɗe da hannunsa. Bai san sanda ya zauna a kan bencin takalma ba. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, daɗi ya rufe shi har idonsa ya kawo ruwa, ga kunya kuma. "Me ya hana ka miƙo mini?"

"Tun yaushe mai ajiya yake bin mai kaya? Kaya naka, ƙafa taka. Ina kallonka ta taga kana buga gidan kowa, har na mutanen da suka tare kwanan nan. Na ce bari in gani ko sai Kirsimeti." Sai ya dubi fuskar Eckhard. "Wai mene ne a ciki da ya sa ka fita hayyacinka haka?"

"Keken mahaifiyar Wiltrud."

"Mai ruwan toka?" Tiedemann ya waiwaya ya dubi labulen falonsa. "Da shi Wiltrud ta ɗinka wa Gesa waɗannan lokacin da take kwance. Shi ka sayar? Kai, Brüggemann, ka iya ɓarna. Tashi ka kama can, ba za ka iya kai kaɗai ba."

Suka ɗauko shi tare, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ke karkatawa. Suka kwance shi a kan teburin cin abinci, ko ƙwarzane babu. Eckhard ya jona ya taka. Keke ya yi gurnani, allura ta tsaya cak, daidai yadda yarinyar ta faɗa. Ya sake takawa, hakan dai. Suna tsaye suna leƙa ƙarƙashinsa sai ƙarar mota a waje.

Wiltrud ta shigo tana dogara sanda. Ta dubi mijinta, ta dubi Tiedemann tsaye a tsakiyar gidanta, ta ce, "Ikon Allah. Ko gidan wasu aka kawo ni?" Sai idonta ya kai kan keken. Ta ja kujera ta zauna, ta shafa shi, ta taka da lafiyayyar ƙafar, sannan ta ɗan tura ƙarfen da ke juyawa a gefe da tafin hannu. Keke ya kama tafiya tar tar tar.

"Haka yake tun ina yarinya," in ji ta, "sai an ɗan tura shi."

Ta buɗe ƙasa ta ciro kwarkwaro, ta ɗaga shi wajen hasken taga. Koren zare ne a naɗe, kore shar.

"Ni ban taɓa sayen zare irin wannan ba."

Tiedemann ya shiga nazarin silin. Eckhard ya tsaya riƙe da bayan kujera ya faɗi komai, bai rage ko maganar da ya yi wa yarinyar a kan 'yan zamani ba. Wiltrud ta yi shiru, shirun nan da yake gudu, hannunta a kan keken ba ta ɗauke ba. Ana jin agogon bango.

"Ya dai dawo," in ji ta a ƙarshe.

"Ya dawo."

"To ka rubuta wa yarinyar mutane ka ba ta haƙuri, ka ce ba ta yi ƙarya ba. Malam Tiedemann, zauna mana. Ecki, ɗora gahawa, kofi uku za ka fito da su."

Ya rubuta wa Fenja a yammacin nan. Ta amsa da cewa da ya tambayi matarsa tun farko da kowa ya huta, ta kuma janye ƙarar. Maganar nan tasa tana nan a ƙasan kowace talla har yau, mai hali ba ya fasa halinsa, sai dai yanzu kafin ya ɗauki hoton ko murfin tukunya sai ya kai wa Wiltrud ta gani.

Rigar da Merle ta sa ranar shiga makaranta shuɗiya ce. Da Eckhard ya durƙusa zai ɗaure mata igiyar takalmi, bakin rigar ya ɗan juya, sai ya ga da koren zaren nan da Fenja ta bari a keken Wiltrud ta yi kalmasar ƙasa gaba ɗaya. Ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa tana can tana gyara wa yarinyar jaka, ko kallonsa ba ta yi ba.