Ranar da Aka Sauke Riɗin

Motar gidanmu tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, mahaifinmu ne ya bar mana ita. Yayana shi yake riƙe da ita, ni nake tuƙawa. Shi zai faɗi inda za a je da abin da za a ɗauka, ni kuma gadon bayana ne yake sanin yadda hanyar take. Ƙauyenmu yana can gaba da Ɗanzomo. Kafin ka hau kwalta sai ka sha yashi ka ƙoshi, sannan ka faɗa wani burji mai gargada da damina take bari kamar rufin kwano.

Wahalar motar ita ce nauyinta ba ya zama ɗaya. Ranar Alhamis a danƙare ta da riɗi ko zoɓo zuwa Maigatari, bayanta ya zauna har tana jan ciki a yashi. Wata ranar awaki ne za a kai Sule Tankarkar. A dawowa kuwa sau da yawa wayam take, daga ni sai jarkar manja. Kuma babu wata motar a ƙauyen, don haka mai naƙuda da wanda maciji ya sara duk mu ake bugo wa ƙofa.

A farkon wata kaka sifirin ɗin baya ya karye mana kusa da Gagarawa. Sifirin shi ne fallayen ƙarfen nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashin mota, su suke karɓar duka kafin ya iso jikin mutum. Muka lallaɓa muka kai ta wajen wani makanike a Gumel, mutumin Damagaram, wanda fallen ma lam yake ce masa. Ya ce zaɓi uku ne. A mayar da irin na da, mai laushi, ta ci gaba da durƙusawa in an loda ta. Ko ya ƙara mata fallaye masu kauri da ya ciro daga wata matacciyar babbar mota, ta ɗauki duk abin da aka ɗora mata, amma in babu kaya za ta yi tauri. Ko kuma a sa mata mai hawa biyu, wanda fallayensa na ƙasa ba sa aiki sai nauyi ya danne na sama. Wannan sai an aiko da shi daga Kano, kuma zai ɗau lokaci.

Na ce, "Yaya, a jira na Kanon. Rabin tafiyarmu babu kaya muke yi, kuma ka san mutane muke ɗauka."

Bai ko dube ni ba. "Riɗi yana ƙasa, kana cewa mota ta kwanta? Motar kaya ce wannan, ba gadon amarya ba. Malam, ƙara mata ƙarfe."

A gidanmu ƙane yana magana sau ɗaya ne. In ya sake, ya zama marar kunya, kuma zancen ya bar kan mota ya koma kan tarbiyya. Ina kallo aka jera mata ƙarfen nan aka ɗaure.

Ba zan rage wa Yaya gaskiyarsa ba: da kaya motar ta zama wata aba. Ta daina jan ciki, ta daina karkata a kwana, in an cika ta sai ta riƙa tafiya tana lilo a hankali. Yaya ya riƙa zagaya ta a tasha yana dukan bodinta yana nuna wa abokansa. Shi dai bai taɓa dawowa a cikinta wayam ba, don babur ɗinsa yake hawa. Ni nake dawowa, haƙorana suna haɗuwa, bayan motar yana tsalle kamar jakin da ƙuda ya ciza. Da kaina na gano dabara: in zan dawo sai in bar buhuna kaɗan a baya, ko na yashi ne, sai ta ɗan risina.

Ana cikin haka igiyar akuya ta harɗe Innarmu a turke, ta faɗi a kan ƙugunta. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, ba ta iya zama wuri ɗaya, kullum tana tsakanin awakinta da murhu. Mai ɗorin garinmu ya zo ya taɓa, ya girgiza kai, ya ce wannan ya fi ƙarfin hannunsa, a kai ta Gumel. Ba ta iya zama, ko jingina ta aka yi sai numfashinta ya ɗauke, saboda haka gaban mota bai yiwu ba. Dole a kwantar da ita a baya.

Da safiyar nan motar tana ƙofar gida, an riga an loda mata rabin riɗin da za a kai kasuwa. Da na ga haka sai na ji sanyi a raina. Na ce a daidaita buhunan su kwanta, a shimfiɗa katifa a kansu, a ɗora ta. Nauyin nan shi zai sa motar ta yi laushi.

Kawu, wan Innarmu, yana tsaye da sandarsa. Ya juyo a hankali.

"Me ka ce?"

"Kawu, cewa na yi a bar buhunan. In babu kaya duka take yi."

"Uwar taka za ka ɗora a kan buhu, ka ratsa gari da ita kamar kayan kasuwa? Ƙanwata ce, ba riɗi ba. Ba a haɗa mutum da kaya."

Na dubi Yaya, don ya san irin ƙarfen da ya sa aka ɗaura wa motar, a gabansa makaniken ya faɗa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Sai ya kau da kai ya ce wa mutanen da ke wurin, "Ku sauke." Har yau ban sani ba, kunyar Kawu ya ji, ko kuwa yarda da maganata yana nufin yarda cewa a Gumel ni ne mai gaskiya. Na ce to a bar maza su hau, ko biyar ko shida, su zauna a gefe. Kawu ya ce mace tana kwance babu lafiya, ba za a tara mata maza a ka ba. Na yi magana sau biyu ke nan, kuma na ga yadda aka fara kallona.

Aka sauke riɗin tas. Aka share bayan motar, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa da zanen da ta fi so. Duk wanda ya gani zai ce an girmama ta, kuma da zuciya ɗaya aka yi. Aka kwantar da ita, yayata mace ta zauna ta riƙe mata kai, Kawu ya shiga gaba kusa da ni. Abin da ya rage a hannuna shi ne tayoyi, na rage musu iska gwargwadon yadda za su jure.

Ba na son tuna hanyar nan, amma ba ta barina. A yashi in ka yi sanyi mota ta kafe, in ka taka ta yi tsalle. A burji kuwa babu gudun da ya dace, na gwada duka. Kowace kunya ta hanya sai na ji bayan motar ya tashi ya dawo, in ji ƙarar katifar a kan ƙarfe. Inna ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Salati kawai nake jiyowa ta tagar baya, yana yankewa a tsakiya duk lokacin da muka daki wani abu, sannan ta sake ɗaukowa daga farko. Yayata ta riƙa buga gilashi da tafin hannu. Kawu yana riƙe da ƙofa yana cewa, "Kai, yi a hankali mana. Ba ka san abin da ka ɗauko ba?" Na sani. Na fi kowa a motar nan sani, kuma babu abin da zan iya.

Da muka isa asibiti na sauko na zagaya baya. Fuskarta ta yi fari, leɓenta ya fashe inda ta cije shi. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ɗan yi ƙoƙarin murmushi, ta ce a hankali, "Auta, ashe haka kake tuƙin?"

Yaya ya iso a babur yana tsaye a wurin, Kawu ma yana nan, ma'aikata sun kawo gadon tura marasa lafiya. Ba wurin bayanin sifirin ba ne. Na ce a raina in ta samu sauƙi zan zauna in faɗa mata komai, ita da ni. Washegari zazzaɓi ya rufe ta, ta daina gane mutane, bayan 'yan kwanaki ta cika da hantsi.

Ban ce hanya ce ta kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda da haka. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ta tafi tana zaton ɗanta na ƙarshe ne ya yi ta wurgi da ita a hanya don bai damu ba. Wannan yana nan a maƙogwarona, kuma duk gaisuwar da nake yi wa Yaya da safe sai ta ratsa ta kansa.

A motar muka dawo da ita gida. Mutanen ƙauyenmu da suka zo dubiya da waɗanda suka ji labari a kasuwa duk suna asibitin, kuma babu mai cewa a bar su a baya ranar jana'iza. Aka kwantar da ita a tsakiya a lulluɓe, maza suka hau suka kewaye ta, wasu a zaune a kan bodi, wasu a tsaye, Yaya a cikinsu. Yanzu babu wanda ya ce an tara mata maza. Ina tayar da motar na ji bayanta ya zauna daidai.

Muka sauka daga kwalta muka hau burjin nan, sai ta riƙa shanye gargadar ɗaya bayan ɗaya, tana lilo a hankali kamar ana rarrashin jariri. Ko sau ɗaya ban ji ƙarar ƙarfe ba. Na riƙe sitiyari, hawaye yana sauka a rigata, ban share ba.

Da muka hango bishiyoyin ƙauyenmu Kawu, da yake gaba kusa da ni, ya gyara zama, ya dafa gwiwata.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Ka ga yau ka yi tuƙin hankali. Da haka ka yi mata ran nan."